Kartar Kawu da Kaskon Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar kasuwar Bodinga da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaurensa.

Jama'a kam sun zo, ba laifi. Wasu tsofaffin sojoji biyu suka taso tun daga Dandin Mahe, suka tsaya a bakin zaure, suka buga ƙafa suka sara wa ɗakin da babu kowa, sannan suka zauna suna share hawaye da hannun riga. Mutanen fadamar Danchadi suka zo suna tuna jakinsa, wanda rabin gari ya kai albasa kasuwa a kansa, shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba. Fulanin Shagari, dangin mijin ɗiyarsa, suka zo da ƙwaryar nono, suka ce Allah ya ba da haƙuri, suka koma gefe suka durƙusa.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. Kusan duk wanda ya ɗaga hannu, sai addu'arsa ta yi wutsiya: "Allah shi jiƙan Kofur, Allah shi gahwarta mai, har da kartan nan." Wani dattijo daga Sifawa ma, ko kunya babu, ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Mutumin kirki na, in ba don caca ba." Wallahi da ba zaman makoki ake ba, da ranar ya san ni. Baffa, ƙanin mahaifina kuma aminin Kawu tun suna yara, shi ya lalubo gwiwata ya danne.

Maganar ta shiga cikin gida. Inna, mahaifiyata, tun rasuwar Baba ta dawo gidan yayanta, ita ke riƙe masa gida don shi ma matarsa ta daɗe da rasuwa. Ta aiko aka kira ni. Na same ta a ƙofar ɗakinta, idonta a bushe ƙayau.

"Ka ji abin da mutane ka hwaɗi?"

"Na ji, Inna. Ƙarya ta."

"Ƙarya ko gaskiya, ranar sadakar bakwai, baƙi na watsewa, kartan nan wuta za ta ci. Da hannuna za ni sa ta."

Ni da nake musu da kowa, ban taɓa iya musu da Inna ba. Na fito. Mutum uku muka rage a duk ƙasarmu da muka iya wasan nan, kartar kuma ita kaɗai ce. In ta ƙone, wasan ya bi Kawu kabari, sunan da zai rage masa a bakin mutane kuwa shi ne ɗan caca. Don haka bari in faɗi wane ne shi da abin da muke yi a zauren nan, kafin in zo kan yadda muka ƙare da Inna.

Kawu ya tafi yaƙin Bama da furfura a gemunsa, don Turawa na neman wanda ya san dabba, suka ba shi kiwon alfadarai. Ya dawo yana kofur, da igiya biyu a hannun riga, da ƙafar hagu a shanye, da karta a cikin gwangwanin taba. A asibitin soja na ƙasar Indiya ya koya. Mutum uku ne kwance kusa da gadonsa, wasan kuma ba ya yiwuwa sai da huɗu, suka jawo shi. Sunan wasan birij, amma mu kartar Kofur muke cewa.

Shi ya raɗa wa komai suna da bakinmu. Dangi huɗu ne: mashi, zuciya, laya da ƙafar kaza. Mai ɗigo ɗaya shi ne tilo, shi ne babba, sai sarki, sai sarauniya. Biyu-biyu ake yi, kowa na fuskantar abokinsa, kowa da karta goma sha uku, don haka ci goma sha uku ne a hannu. Wanda ya ji ƙarfi sai ya ɗauki alkawari, ya faɗi ci nawa zai yi, da dangin da zai zama iko. Iko kuwa, komai ƙanƙantarsa, yana yanke sarkin wani dangi, muddin ba ka da irin dangin da aka jefa. Da an jefa kartar farko, abokin mai alkawari sai ya baje nasa a ƙasa kowa ya gani, ya kama bakinsa har a gama. Shi ne bebe. Ni da Allah ya hore wa baki, ku duba mini wannan azaba.

Abin da ba zan manta ba shi ne shirun Kawu. Da bebe ya baje karta, ba ya taɓa komai. Zai miƙe ƙafar nan tasa, ya kama gemu, leɓɓansa na motsi. Kaza ta shigo zaure ta yi kiwonta ta fita, yana nan.

"Kawu, rana za ta hwaɗi!" in ji ni.

"Bar ta ta hwaɗi, ba ni ka riƙe da ita ba. Alkawari kaya na."

Ɓaraka yake ƙirgawa, wato kartar da ya san za a cinye masa. Yakan ce, "Abin da za ka ci ba ya guduwa. Ƙirga inda za a shigo maka. In kac ce goma, ukku anka yahe maka. In kag ga huɗu, to guda sai ka nema mata magani tun ba ka taɓa karta ba." Maganin kuwa yana gaban bebe: ko ka yanke ɓarakar da ƙananan ikonsa, ko ka jefar da ita lokacin da manyan kartarsa ke ci. Sai ka san wanne za ka yi, sannan ka san ko yanzu za ka kwashe ikon da ke hannun abokan gaba, ko dakatawa za ka yi.

Ni kuwa ba ni da wannan haƙurin. Da na karɓi hannu sai in hau kwashe iko, ina cewa a raba maƙiyi da makami. In na zo yanka in tarar bebena fayau, sai Kawu ya dube ni ta ƙasan ido.

"Ɗan ƙanwata, ka kwashe nasu, ka kwashe na bebenka. To da mi za ka yanka, da haƙori?"

Mutanenmu ba sa son a ambaci asara tun ba ta zo ba, sai su ce mugun fata ne. Shi kuwa ko a bakin rumbu haka yake. Za ka ji shi yana cewa wannan damin na ɓera ne, wannan na haraji, wannan na sunan da ba a haifa ba tukuna. Aka yi ta cewa yaƙi ya taɓa masa kai. Amma gidanmu bai taɓa cin irin shuka ba, ko a shekarar da ruwa ya yi wasa da mutane.

Zancen caca kuwa, Liman da kansa ya taɓa zuwa ya tsaya a kanmu. Ya ɗaga gefen tabarma, ya leƙa gwangwani, ya ce, "Ina kuɗɗin?" Kawu ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, ko goro ba ya zama bisa tabarmag ga." Dokarsa ce, kuma da an kira salla ake kife karta, ko da saura ci ɗaya. Liman ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai kada ya ga giɓi a sahu, ya saɓa rigarsa ya tafi.

Da yana ta fara rufe idon Baffa, sai ya ce ya bar wasa. Nasa yana gani in ya kai su bakin hanci, amma na ƙasa sun zame masa hazo. Kawu bai lallashe shi ba. Washegari kawai ya kafa sabuwar doka: duk kartar da aka jefa sai an kira sunanta da ƙarfi, bebe kuma in ya baje, sai an karanto nasa kaf har sau biyu.

"Haka manya ka yi can Indiya," in ji shi. "Da can rangwame nika yi muku."

Duk mun san ƙarya yake, Baffa ma ya sani, amma muka bi dokar. Tun daga ranar wasanmu ya koma na kunne. Ga Kawu da muryar soja, ga shi in an gama hannu sai ya warware shi tun daga farko, ya faɗi inda aka kuskure da abin da ya kamata a yi. Masu ɗiban ruwa a rijiya ma suna jin sa.

Na huɗunmu a da taubashin Kawu ne. Da ya bi ɗansa ya koma Sakkwato, sai muka zama uku, Kawu ya rasa sukuni. Babu wanda bai gwada ba. Mahauci ya zo ya ce kansa na ciwo. Wani malamin makaranta ya iya, aka yi masa canji. Daga ƙarshe Kawu ya ce a kira masa mijin ɗiyarsa daga Shagari, don ya lura yaron na iya duban garke sau ɗaya ya san wadda ba ta dawo ba.

Jama'a, suruki! Bafillacen da ko sunan Kawu ba ya faɗa, in sun haɗu a hanya sai ya ratse cikin gona. Da ƙyar aka shigo da shi zaure. Ya ƙi hawa tabarma, sai buzunsa ya shimfiɗa a ƙasa. Fuskantar Kawu kuwa ba zancenta, don haka aka haɗa shi da ni, Kawu na zaune a hagunsa. In zai yi magana da Kawu, ni yake gaya wa in isar, alhali gwiwarsu na kusan gogar juna. Amma kai gare shi! Kafin damina ta kama ya wuce ni nesa, kuma na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

A kan wannan kunyar aka yi faɗan da ya fi kowane. Suruki ya ɗauki alkawarin goma, mashi ne iko, ni ne bebe. Na baje: zuciya ɗaya tak gare ni, da ƙananan mashi uku. Ya yi shiru irin na Kawu. Ashe ɓaraka biyar ya gani, zuciya uku, laya ɗaya, ƙafar kaza ɗaya, kuma ya gano maganin. Bai taɓa iko ba. Ya fara ba da zuciya ɗaya Baffa ya ci, don tawa ta ƙare, ya samu ya yanke sauran biyun da ƙananan mashina. Da hannu ya dawo masa ya sake jefa zuciya, sai Kawu ya ɗora sarki, ya kira da ƙarfi, "Sarkin zuciya!"

Suruki ya miƙa hannu kan ɗan mashina, ya tsaya. Sai ya kauce ya ɗauki wata 'yar laya ya jefa, ya bar sarki ya ci. Ni bebe ne, ba halin magana, na ciji leɓe har na ji gishiri.

Kawu bai ɗauki cin ba. Ya ce, "Ka ƙirga daidai, ka shirya daidai, na gani. Mi ya hana ka?"

Suruki ya sunkuyar da kai, ya ce da ni a hankali, "Hwaɗa ma Baba, ɗan mashi bai hawa bisa sarkin Baba."

Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci haka ba. Ya buga tabarma har ƙura ta tashi.

"Ni kaka jin kunya? Dubi wanga bawan Allah! Dut abin da yam mallaka ya shimhiɗa gabanka, ya yi kurum, ya dogara gare ka. Ka sai da shi don ka girmama ni? Ba ni son girman ga!"

Suruki ya naɗe buzunsa ya fita, ko sallama babu. Kasuwa ta ci, wata ta ci, bai dawo ba. Kawu ya daina cin tuwon kirki. Wata safiya ya sa na ɗora shi a kan jaki, da ƙafar nan tasa tana reto, muka kama hanyar Shagari. Dattijo ya taka zuwa gidan surukinsa ba biki ba mutuwa, wannan ko a labari ban taɓa ji ba. Ruga ta rikice, mata na ta ɓuya, ɗiyarsa ta fito tana kuka ta zaci wani abu ya faru. Shi kuwa ya sa aka sauke shi a gindin wata ƙirya, ya cire hularsa ya rataye a reshe, ya zauna da kai ba hula a gaban kowa.

"Hwaɗa mai," ya ce da ni, "surukinai ga shi can rataye. Wanga da az zaune tsohon soja na, kuma in ba a yanke shi ba, shi yankewa zai yi."

Suruki ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na girgiza don dariya. Da kasuwa ta zagayo ya dawo. Daga ranar kafin a raba karta sai Kawu ya rataye hula a ƙusa, suruki kuwa ya yi ta yanke masa sarakuna, yana yi yana cewa, "Subhanallahi."

To, ranar sadakar bakwai ta zo. Aka yi addu'a, aka raba gumba, baƙi suka watse. Bayan la'asar muna zaune mu uku a zaure, ni da Baffa da suruki, sai ga Inna ta shigo da kasko cike da garwashi. Rabona da in gan ta a cikin zauren nan da maza zaune, na manta.

"Miƙo gwangwanin."

Baffa ya ce, "Ke dai ki yi ma Allah, ki bari mu yi hannu guda na bankwana. In mun ƙare, ki ƙone."

Ta ce, "Guda."

Ta ƙi zama. Ta tsaya a bayana da kaskonta, ina jin zafinsa a ƙeya. Suruki ya raba kashi huɗu kamar kullum, Baffa ya ce wurin marigayi ya zama bebe, ni da ke fuskantarsa in ɗauki alkawari. Na duba hannuna, zuciya har bakwai amma babu tilonta. Na ce goma, zuciya ce iko. Suruki ya jefa sarkin ƙafar kaza. Na miƙa hannu na baje kartar a inda Kawu ke miƙe ƙafa, na fara karanto wa Baffa. Akwai tilon laya da sarkinta da sarauniyarta, sauran tarkace ne.

Inna ta sunkuyo ta kafaɗata, ta ce ƙasa-ƙasa, "Wanga mai ɗigo guda shi a tilo?"

"Shi na, Inna."

"Mai gemen ga sarki?"

"I."

"Ashe haka yake. Ɗan mitsitsi."

Na ɗauka kallon ƙarshe take yi musu. Raina a jagule, ban ƙirga komai ba. Na ci da tilon ƙafar kaza, na zaro sarkin zuciya zan hau kwashe iko kamar yadda na saba. Sai na ji gwiwa a tsakiyar bayana.

"Maida shi! Tilon iko na hannunsu. Ka ba su hannu yanzu, su ci ƙahwar kaza biyu, su ci ɗan mashin ga naka, huɗu ke nan, ka hwaɗi. Laya biyu gare ka, ga manya ukku gaban bebe. Ja su tukuna, ka yar da ƙahwar kaza guda bisa ta ukku, sannan ka taɓa iko. Kai kullum gaggawa, tun kana ciki!"

Na bi abin da ta ce. Tilo, sarki, sarauniya, duk suka bi, na jefar da ƙafar kaza a kan ta uku. Sannan na fitar da zuciya. Suka ci ukunsu, na ci goma cif.

Baffa ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. "Ke, wa ya koya maki?"

Inna ta ajiye kasko a ƙasa. Sai a lokacin na ga hawayen da ba ta yi ba tun ranar rasuwa.

"Wa ya koya mani? Zana guda ta raba ɗakina da zauren ga. Shekara da shekaru kuna kiran karta kamar masu kiran salla, ina tsinkar gero ina bi. Na san hannun da za ya hwaɗi tun ba a kai rabi ba. Ranar da kunka rasa na huɗu, har mahauci anka kira. Yaya ya hau jaki da ƙahwa guda har Shagari. Ni ina nan, in ya yi tari ina ji. Bai taɓa cewa ƙanwata zo ki zauna ba. Ko sau guda."

Gaskiya ta faɗa, ko a mafarki tunanin bai taɓa zo wa ɗayanmu ba.

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ba don caca za ni ƙone ta ba. Na hi kowa sanin ba caca ba ta, ko anini ban taɓa jin ya hwaɗi bisa tabarmag ga ba, kuma wanda yas sake ce ma Yaya ɗan caca, shi zo shi hwaɗa gabana. Haushinai nika ji. Ya tahi bai tambaye ni ba, kuma ina kewatai."

Baffa ya ɗaga hannuwansa, muka ɗaga. Ya ce, "Allah, ga bawanka ya zo maka da ƙahwa guda da zuciya mai kyau. Ka yahe mai abin da yas sani da wanda ya wuce mai bai lura ba. Ka yalwata makwancinai, ka haɗa shi da abokan zama na ƙwarai. Mu da munka saura, ka ba mu ikon duba na kusa da mu." Muka shafa.

Inna ta ture kaskon gefe da ƙafa, ta zagaya, ta gyara zanenta ta zauna a wurin Kawu. Ta tattaro kartar duka da hannu biyu, ta raba biyu za ta cakuɗa yadda take jin ƙararsa ta bayan zana. Sai suka tarwatse, wasu a cinyarta, wasu har kan buzun suruki. Ta bi su da kallo, ta dube ni, ta yi dariya da hawaye a fuska.

"To, koya mani wanga kaɗai. Sauran na iya."